Ambulan Mai Tabon Manja

Shuware, Mubi,
Asabar, 14 ga Yuni.

Zuwa ga yayana, Hamma Mahmoud,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ƙane ke miƙa wa wansa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Adda Habibat da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara albarka a kasuwa, ya tsare ku daga sharrin hanya da na mutane a can Fatakwal. Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi layya ya maimaita mana. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Dada mahaifiyarmu tana nan da ƙarfinta, gwiwar ce kawai ke motsa mata in an yi ruwa, amma bakin ko kaɗan bai gaji ba. Ragon da ka aiko mata ta rabar da shi kaf kafin la'asar, sannan ta zauna tana mitar cewa ba a bar mata hanta ba. Maiɗakina Sumayyat lafiya, ita da yaranmu, Mubashshir ya gama jarrabawa yana ta cin abinci kamar mai ramuwa, Afrah kuwa haƙoran gaba sun zube, ta daina dariya a gaban baƙi. Damina ta sauka da kyau, mun shuka masara da gyaɗa a gonar Mugulbu, har an yi noman fari.

Na san za ka yi dariya ka ce ga waya a aljihuna amma na zauna ina cika takarda. To, in ni da ke cin abinci da wasiƙa ban rubuta ba, wa zai rubuta? Ban da haka, kai ba a gama maka magana a waya. Ban taɓa kai ƙarshen zance ba sai ka yanke ni ka ce in tattara nawa in taho. A takarda kuwa dole ka bari in kai aya. Ka ba ni wa'adi zuwa bayan Babbar Sallah in faɗa maka ko zan bar gidan waya in karɓi gurbin da ka ajiye mini a shagonka. Sallah ta wuce, ga amsa tana zuwa, amma sai ka yi haƙuri ka bi ni daga farko, domin akwai abin da na ɓoye maka tun azumi, na kuma roƙi Dada da Sumayyat kada su faɗa maka. Saura kaɗan a kore ni daga aiki, Hamma, kora irin ta ɓarawo.

Duk abin da kake faɗa a kan aikina gaskiya ne, ban taɓa musa maka a zuciyata ba ko da bakina ya musa. Shekara goma sha shida ke nan ina mataki na uku, yaran da na kai wa takardar shiga makaranta yau wasu sun fi ni mataki a wuraren aikinsu. Albashin, tun da mai ya yi tsada, ba ya ganin tsakiyar wata. Keken ofis ya mutu tun kafin a haifi Afrah, da babur ɗina nake zagaye, mai daga aljihuna, faci daga aljihuna. Kakin da ke jikina Sumayyat ta juya wuyansa sau biyu, ta ce in ta sake taɓa shi zare ne kawai zai rage. Ɗakin da muke ware wasiƙu yana yoyo, mun san inda za a ajiye kowane bokiti ba sai an duba sama ba. Motar ofis ta daina zuwa daga Yola, yanzu a motar haya ake saka mana buhu, ni ne kuma mai zuwa tasha in ɗauko ran Talata da Juma'a. Mu uku muka rage a gidan: shugabarmu Madam Dorathy, sai Zacharia a teburin karɓar saƙo, sai ni a kan hanya. Mutane suna cewa wasiƙa ta mutu, amma abin da ya rage a buhun nan shi ne wanda ba ya tafiya ta waya: takardun shaidar karatu, takardun fansho, sammaci, magani, ƙananan ƙunsuna. Wato abin ya ragu, nauyinsa bai ragu ba.

Kai ka daɗe da barin gida, wataƙila ka manta yadda ake adireshi a nan. Ba lambar gida, ba sunan layi. Sai ka ga an rubuta sunan mutum, a ƙasa an sa bayan tsohon injin niƙa, alhali injin ya tashi shekara goma. Ko a rubuta ta hannun fasto, ko ta hannun hedimasta, ko ta hannun jauro, wato dagaci, a Vimtim kuwa mutum huɗu na sani masu suna iri ɗaya a coci ɗaya. Taswirar duk tana cikin kaina. Na san wanda ya rasu, na san wadda ta yi aure ta koma Gella, na san wanda in ka kai masa takarda a gaban matarsa za a yi rigima. Makiyaya kuma al'adarmu da su daban ce: wasiƙarsu ta hannun arɗo ake ba da ita, shi ya dangwala yatsa a littafi, shi ya san inda zai sami mutuminsa. Haka na tarar ana yi, haka nake yi, ba a taɓa samun matsala ba.

To, a ƙarshen Nuwamban bara na je tasha na tarar direba ya ɗora jarkar manja a kan buhunmu a but ɗin mota, murfin kuma ya kwance a hanya. Na yi masa faɗa har 'yan kamasho suka raba mu, amma ɓarna ta riga ta auku. Yawancin takardun gefe kawai ya shafa. Guda ɗaya ce ta sha sosai, ambulan mai rajista, mai ɗan kauri, da kan sarkin Kamaru a jikinsa. Gabansa ya tsira, ana karanta sunan Ya'akubu makiyayi, Wuro Patuji, Mubi. Bayansa kuwa, inda mai aikowa ya rubuta sunansa da garinsu, manja ya cinye tawadar, ko harafi ɗaya ba ya fita. Na san mutumin, Bappa Ya'akubu, dattijo siriri mara magana, rugarsu tana can bayan mayo, rafin nan. Washegari na hau babur na je, na tarar da kufai, sai turaku da busasshen kashin shanu. Sun tashi kiwon rani kwana huɗu kafin nan, arɗon ma da shi aka tafi. Manoman wurin suka ce kudu suka yi, ba wanda ya san inda za su yada zango, kuma ba a sa ran su sai ruwan fari ya sauka.

Ƙa'idarmu a fili take. Wasiƙa mai rajista in ta yi kwana talatin ba a karɓa ba, sai a buga mata hatimi a mayar wa mai aikowa. In babu adireshin mai aikowa, sai ta tafi ɗakin ajiyar wasiƙun da suka rasa mai su. Na taɓa leƙa irin ɗakin nan sau ɗaya da aka tura ni kwas, kuma ban ga alamar abin da ya shiga yana fitowa ba. Ranar da kwana talatin suka cika na ɗauki hatimin a hannuna, na juya ambulan ɗin, na sake juya shi. Na ce a raina mutumin nan bai mutu ba, bai ɓata ba, shanu kawai ya bi, kuma na san watan da zai dawo kamar yadda na san ranar kasuwa. Wanda ya rubuta ƙa'idar bai taɓa kai wa makiyayi wasiƙa ba. Sai na ajiye hatimin, na naɗe ambulan ɗin a leda na sa a kabad ɗina, ƙarƙashin rigar ruwa. Ga inda wautata take: ban faɗa wa Madam ba. Na san in na faɗa dole ta ce a bi ƙa'ida, don ita ma wuyanta ne, sai na ga gara in ɗauke mata nauyin. A littafi kuma na bar gurbin fayau, ban rubuta an bayar ba, ban rubuta an mayar ba.

Ran goma ga azumi sai ga sufeto daga Yola, ba sanarwa. Ashe an fara duba fayil-fayil na ƙananan ma'aikata saboda ƙarin girma, sunana kuma yana ciki, karo na farko cikin shekarun nan duka. Da na ji abin da ya kawo shi har na fara lissafin yadda zan yi maka gori. Mutumin matashi ne, mai gilashi, ba shi da mugunta amma ba ya tsallake layi. Ya bi littafin rajista da yatsa, ya tsaya cak a gurbin nan. Ya tambaya, na ce tana nan, na buɗe kabad na miƙa masa da hannuna. Hamma, da ka ga yadda ya dube ni. A aikinmu babu abin da ya kai a sami wasiƙar wani a kabad ɗin ma'aikaci muni, balle mai rajista daga waje, mai kauri, wadda kowa zai ɗauka kuɗi ne a ciki. Na yi bayanin shanu da damina, ya rubuta duk abin da na ce bai ɗaga kai ba. Kafin sati ya zagayo takardar tuhuma ta zo, aka dakatar da ni a kan rabin albashi har kwamiti ya zauna. Abu ɗaya Madam ta yi wanda ba zan manta ba: ta ƙi yarda a tafi da ambulan ɗin, ta ce shaida ce, a gaban sufeto ta sa shi a akwatin ƙarfe ta kulle, suka sa hannu su biyu. Bayan ya tafi ta kira ni ofis ta wanke ni tas, ta ce shekara tara muna aiki tare amma na ɗauke ta dodo, da na faɗa mata da ta rubuta Yola ta nemi izini, ko a ba ta ko a hana, da dai akwai takarda. Kuma gaskiyarta ce.

Watanni biyun da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gan su. Ba yunwar ce ta fi ci mini rai ba, ko da yake an taɓa ta, Ƙaramar Sallah ma yara da tsofaffin kaya suka yi. Kunya ce. Labari ya zaga cewa an kama Gabdo na gidan waya da kuɗin mutane. Mai shayin bakin tasha, wanda ni na kai masa takardar filinsa har gida, ya daina haɗa ido da ni. Sau uku ina ɗaukar waya in kira ka in ce ga ni nan tafe, sau uku Sumayyat tana karɓe ta. Ta ce in zan bar aikin in bar shi da sunana a wanke, ba za ta yarda a riƙa nuna 'ya'yanta ana cewa ubansu ya gudu Fatakwal da ambulan ba. Ka san ta da sanyin magana, amma ran nan har muryar Dada sai da ta danne. Zacharia kuma, wanda shi ne wakilinmu a ƙungiyar ma'aikata, kusan kullum sai ya biyo bayan an tashi. Shi ya taya ni rubuta amsar tuhuma, ya kuma gaya mini gaskiya cewa takarda ba za ta cece ni ba, abu ɗaya ne zai cece ni: mai wasiƙar ya tsaya da ƙafarsa a gaban kwamiti, ya ga ba a taɓa bakinta ba. Yana kuma ba ni labarin yadda yake fama da zagaye a madadina. Wai ya kwashe yini guda a Vimtim yana neman mutum ɗaya, aka kai shi gida uku, a na huɗu aka ce ai wancan na farkon ne.

Duk ranar kasuwar shanu sai in tafi tike in tsaya wajen dillalai ina tambayar mutanen arɗon Wuro Patuji. Wani ya ce ya gan su wajen Maiha, wani ya ce sun ƙetara. Aka sa ranar kwamiti Talata, sha uku ga Mayu, ni kuwa ban taɓa kallon sama kamar bana ba, ko manomi bai kai ni ba. Ruwan fari ya sauka ƙarshen Afrilu, na biyu ya biyo, shiru. Sai ana saura kwana huɗu wani mai sayar da igiya ya ce mini an ga hayaƙi bayan mayo. Na bar babur a bakin ruwa na naɗe wando na ƙetara da ƙafa. Na sami Bappa Ya'akubu yana kafa turke, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, na tambayi shanu ya tambayi yara, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Sai dattijon nan ya ce sam. Ya ce shi ba shi da kowa a duniya mai rubuta masa takarda, takarda ɗaya ya sani, ita ce sammaci, kuma tabbas wani manomi ne ya kai ƙarar shanunsa. Ya ce in mayar da ita inda ta fito, ya yafe. Na yi rantsuwa, na yi bayanin kan sarkin Kamaru, ko gezau. Da na ga zan tashi hannu biyu sai na ajiye kunya na gaya masa komai, na ce saboda na jira shi ne aka dakatar da ni, abincin 'ya'yana yana kan ɗan yatsansa. Can ya tambaye ni wata nawa na riƙe ta, ya kuma tambaya ko na san shi da wani alheri ne da na yi haka. Na ce ko ruwan rugarsa ban taɓa sha ba. Sai ya ce to abin kunya ne wani ya rasa abincinsa a kansa, zai zo ko da ɗaure shi za a yi.

Ranar Talatar ya riga ni isa. Na tarar da shi tsugune a ƙofar gidan waya da sandarsa da malafarsa, ya sa riga mai tsabta kamar mai zuwa idi. Mutum uku suka zo daga Yola, shugabansu wani dattijo mai furfura da ya kusa ritaya, da sufeton nan, da wata mata mai rubutu. A ɗakin ware wasiƙu aka zauna, muka ture bokitai gefe. Aka karanta laifina, na amsa ban musa ko ɗaya ba. Madam ta buɗe akwatin ƙarfe, ambulan ya zaga hannu uku ana duba bakinsa da hatiminsa, aka tabbatar ba a taɓa shi ba. Sannan Bappa ya dangwala yatsa a gurbin nan da ya yi wata biyar da rabi a buɗe. A nan aikin kwamiti da shi ya ƙare, shugaban ya ce yana iya tafiya da abarsa. Amma ya ƙi tashi. Ya ce in sammaci ne gara ya ji shi a gaban hukuma, ya yage bakin da kansa ya miƙo mini, tunda rubutun boko ne shi kuma allo kawai ya yi. Na dubi shugaban, ya gyaɗa kai.

Ba kuɗi a ciki. Takarda biyu ce, ɗaya da Faransanci ɗaya da Fulatanci, da hoton wata matashiya riƙe da jariri. Ta Fulatancin na karanta. Wani malamin makaranta ne a Ngaundare ya rubuta a madadin matarsa. Ya ce sunanta Fatu, an tsince ta a hanya shekarar da 'yan ta'adda suka shigo aka watse daga Mubi, tana 'yar shekara bakwai ko takwas, wata mai sayar da goro ta riƙe ta har ta aurar da ita. Abin da ta riƙe daga gida kaɗan ne: sunan mahaifinta, da sunan Wuro Patuji, da cewa rugarsu tana bayan ruwa. Ta daɗe tana tsoron nema kada a ce mata duk sun mutu, sai da ta haihu ta ce ba za ta iya ba ɗanta labarin da ba shi da farko ba. Ta ce in wanda takardar ta samu shi ne mahaifinta, zai san sunan karsanar da aka ba ta tun tana goye, ita dai tana kiranta Saige. Hamma, kai ma ka yi gudun nan da Dada a bayanka har Maiha, ba sai na gaya maka yadda ɗakin ya yi ba. Bappa bai yi kuka ba, bai ma taɓa hoton ba da farko. Ya dai sunkuyar da kai ya ce Saige ta mutu shekara uku da suka wuce, amma ta bar bakwai, suna nan cikin garke, bai taɓa sayar da ko ɗaya ba, ko a shekarar da ciwon huhun shanu ya sa ya sayar da nasa. Akwai lambar waya a ƙasan takardar. Madam ta danna a wayarta ta miƙa masa, muka fita duka muka bar masa ɗakin, har da manyan Yola, muka tsaya a rana kamar masu jiran mota.

Kada ka ɗauka daga nan aka ɗaga ni sama ana tafi. Da muka koma ciki shugaban ya goge gilashinsa ya ce abin da ya gani ya gani, amma ƙa'ida ba ta san abin da ke cikin ambulan ba, ni ma ban sani ba lokacin da na ɓoye shi, kuma in kowane ma'aikaci zai riƙa yanke hukunci a kabad ɗinsa to babu gidan waya. Raina ya ɓaci, amma gaskiya ya faɗa. Madam ta nemi magana, ta zube musu tarin wasiƙun ƙauye da suka taru tun da aka dakatar da ni, ta ce su nuna mata wanda zai raba su. Ta kuma miƙa takarda tana roƙon a yarda wasiƙun makiyaya su riƙa jiran damina a akwatinta, da saninta da sa hannunta. Zacharia shi ma ya samu ƙofa, ya kawo maganar mai da kaki da shekara goma sha shida a mataki ɗaya, har sai da matar nan ta ce hannunta ya gaji. Aka ce in koma bakin aiki na wucin gadi, hukunci zai biyo baya a rubuce, kuma kora tana cikin abin da za a iya yankewa.

Talatar da ta wuce na je tasha kamar kullum na ɗauko buhu. Ina warewa sai ga ambulan mai ruwan ƙasa, mai rajista, daga Yola, da sunana a jiki, adireshi kuma Shuware. Zacharia ya ce in buɗe mana a huta. Na ce a'a, an hukunta ni a kan ƙa'ida, yau kuwa za a ga ƙa'ida. Na shigar da ita littafi kamar ta kowa, na sa ta a jaka a layinta, Shuware kuwa ita ce ƙarshen zagayena. Na yi Lokuwa, na yi Kolere, na je har Vimtim na dawo, abin nan yana bayana kamar garwashi, ban san ko ni ma'aikaci ne ko korarre ba. Sai bayan la'asar na tsaya a ƙofar gidana na yi sallama irin ta baƙo, na ce a fito a karɓi saƙo. Sumayyat ta fito da gari a hannu, ta ga littafi a buɗe, ta ce ashe haukan nawa ya kai nan. Na ce mai gidan ba ya nan, yana bakin aiki, sai ta sa hannu a madadinsa. Ta sa, ta kuma riga ni karantawa.

Gargaɗi ne mai tsanani, za a sa a fayil ɗina. An wanke ni daga zargin sata da taɓa wasiƙa, da waɗannan kalmomin, baƙi a kan fari. An maido ni aiki da cikakken albashi. Ƙarin girma kuwa an ɗage shi zuwa baɗi, in ban sake wani laifi ba. Ba zan ɓoye maka ba, wannan na ƙarshen ya yi mini ciwo. Amma shekara goma sha shida ba wanda ya san akwai wani Gabdo a Mubi, yau fayil ɗina yana kan tebur, da ranar da aka rubuta za a sake buɗe shi. Madam ta ce an amsa roƙonta na gwaji, daga kaka mai zuwa wasiƙun makiyaya za su jira masu su. Zacharia ya ce ƙungiya ta ɗauki maganar kuɗin mai ta kai gaba, ko za a samu ko ba za a samu ba Allah ya sani, ni dai na ga an rubuta. Sumayyat ta kai takardar wajen mai hoto an yi kwafi, ta ce ɗaya na mai shayin tasha ne.

Saboda haka, Hamma, ka yafe mini, ba zan zo ba. Na san don ƙauna ka yi, na kuma san abin da zan samu a shagonka ya ninka wannan, ban raina ba wallahi. Ka ba wani gurbin, ɗan Goggo Yakaka yana zaune ba aiki kuma ya fi ni iya ciniki nesa ba kusa ba. In shekara ta zagayo aka sake tsallake ni, ka yi mini duk gorin da kake so, zan tsaya in ji har ƙarshe. Amma yanzu in na tafi, buhun Talata zai zo ya tarar ba wanda ya san hanya, kuma na ga abin da kan kwana a cikinsa. Bappa Ya'akubu ya tafi Ngaundare shekaranjiya da matarsa, karo na farko da tsohuwar ta shiga mota mai nisa. Kafin su tafi ya aiko mini da ƙwaryar man shanu, na ce ƙa'ida ta hana, Dada ta ce ita ƙa'idar ba ta shafe ta ba, ta karɓe.

Ka gaishe mini da Adda Habibat da kyau, ka ce mata yajin da ta aiko ya ƙare tun azumi, ba roƙo nake ba, labari nake bayarwa. Ka shafa mini kan Abdulwahhab da ƙannensa, ka ce ya dage da karatu. Ka miƙa gaisuwata ga Kawu Garbai da mutanen gida da ke tare da ku a can. Dada tana sa maka albarka, ta ce ka rage faɗa ka ƙara zuwa gida. Sumayyat da Mubashshir da Afrah suna gaishe ku. Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam, naka ƙane,
Gabdo,
mai raba wasiƙu, mataki na uku, har zuwa baɗi in Allah ya kai mu.